Darɓa: A Riƙa Juya Bayan Ganye

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na kafin faɗuwar damina, a garin Gadaka



An ɗora mini in yi magana a kan darɓa, an kuma ja mini kunne kada in tsawaita. To, zan kamanta, amma ku yi mini haƙuri, maganar tana da rassa. Ban ga wanda ke zaune a nan da zai ce bai san darɓa ba. Wanda bai gan ta a ganyen dawa ba, ya gan ta a wake ko gyaɗa. Wanda kuma ba ya zuwa gona, ai ya taɓa shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ko lemon tsakar gida, ya tashi ya ji tabarmar tana kama masa riga. Da fari ganye ya yi ta ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, in ka taɓa ya danƙe maka yatsa. Bayan 'yan kwanaki ya yi baƙi ƙirin kamar kunkunniyar madafi. Ƙudaje su taru, kiyashi ya ja layi daga ƙasa har ƙarshen reshe, mai gona kuwa ya koma gefe ya yi tagumi.

Abin da bakinmu ya saba da shi shi ne "darɓa ta sauka", ko "darɓa ta faɗa wa gonar wane". Haka muka taso muka ji. Wasu su ce raɓa ce ta lalace, wasu su ce iska ce ta ɗebo ta daga gabas, wasu su ɗora laifin a kan ɗaukewar ruwa. Magabatan da suka faɗi haka sun lura da wani abu na gaskiya, domin lalle darɓa ta fi tsanani in ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku a tsakiyar damina, ko kuwa can wajen kaka da ruwa ya fara ja da baya. Amma ita kanta ba daga sama take saukowa ba. Ku gafarce ni iyayena, darɓa kashin ƙwari ce. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke maƙale a bayan ganye da kan tofo, suna tsotson ruwan jikin shuka dare da rana. Abin da ya fito musu ta baya shi ne wannan danƙo mai zaƙi.

Na ga wasu suna murmushi. To, gani ya kori ji. Duk mai itacen da ke ɗigar darɓa a gida, yau da magariba ya wanke faranti ya ajiye a ƙarƙashin reshen, ya kuma ajiye wani a fili inda babu itace. Da safe ya duba. Na gindin itace zai same shi da ɗigo-ɗigo masu danƙo. Na fili kuwa in ma ya jiƙe, raɓa ce zalla, rana na fitowa ta bushe. Sa'an nan ya ɗaga kai ya kamo ganyen da ke saitin farantin, ya juya bayansa. Nan zai ga masu aikin. Wannan ma yana cikin abin da ke ruɗar mutane, domin sau da yawa ganyen da ya fi danƙo babu ƙwaro ko ɗaya a kansa, daga ganyen da ke bisa da shi abin ke zubowa. Mai duba ganyen da ya jiƙe sawu kawai yake bi, ɓarawon yana kan bene.

Me ya sa suke zubar da zaƙi haka? Bakinsu siriri ne kamar allura, da shi suke huda ganye har su kai ga jijiyar da abinci ke bi. Ruwan da ke cikin jijiyar nan sukari ya yi masa yawa, abin gina jiki kuwa kaɗan ne ƙwarai. Kamar ka ba ƙato tsinkakken koko ne ka ce ya ƙoshi, dole ya sha kwano bayan kwano. Haka ƙwaron ke yi, ya tace ɗan abin da yake bukata, ragowar ruwan sukarin ya watso shi waje. Watau duk ɗigon darɓar da ka gani, abincin da ya kamata ya tafi ga zangarniya ko kwanson wake ne aka zubar. Baƙin nan da ke biyo baya kuma fumfuna ce da ke tsirowa a kan sukarin. Ba ta shiga cikin ganye, amma tana tare masa rana, shi kuwa ganye da hasken rana yake haɗa abincinsa. Kun ga an tsotse shi, an kuma rufe masa ido.

Masu tsotson ba iri ɗaya ba ne. Wadda ta fi damunmu a gona ita ce wadda wasu ke kira kwarkwatar ganye. Ta wake da gyaɗa baƙa ce mai ƙyalli, takan dunƙule a kan tofo da fure da ɗanyen kwanso har ka rasa ganin kore. Ta dawa ruwan ɗorawa ce, tana farawa daga ganyen ƙasa tana hawa. Ta kuɓewa da kankana da auduga kore-kore ce, ita ke sa ganye ya nannaɗe. Sai farin ƙuda, wanda in ka girgiza tumatir ko rogo za ka ga ya tashi kamar an busa gari. A itatuwan gida kuma, mangwaro da gwaba da lemo da gwanda, an fi samun wani mai farin gashi kamar an manna auduga, da wani da ke lafewa a jikin reshe kamar ƙurji, ko motsi ba ya yi, sai ka kankare da farce za ka san mai rai ne. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Turawan Ingila da ke kashe kuɗi a kan wani furen ƙawa mai suna haidiranjiya, su ma kukan ganye mai danƙo suke yi. A Amurka kuma, a 2013, irin kwarkwatar dawar nan ta auka wa gonakin dawa a jihohin Tekzas da Luwiziyana, darɓa ta yi yawa har tana toshe injunan girbi.

Abin tsoro game da kwarkwatar ganye shi ne haihuwa. A ƙasa mai zafi irin tamu ba ta bukatar namiji, ba ta kuma yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa da ransu, dukkansu mata, kowace kuma cikin kamar mako guda ta isa haihuwa, tana iya zuba 'ya'ya 50 ko fiye kafin ta mutu. Masu lissafin kasuwa su yi mana lissafin da kansu. Wannan ne dalilin da mutum zai zaga gonarsa bai ga komai ba, ya komo bayan mako biyu ya rantse da dare ɗaya abin ya sauka. Suna nan tun zuwansa na farko, bai juya ganye ba ne kawai. In wuri ya yi musu cunkoso sai su haifi masu fukafukai, iska ta kwashe su zuwa gonar maƙwabci. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe su ya kashe da yawa, shi ya sa in ruwa ya ɗauke suke samun sarari. Kun ga inda maganar magabata ta haɗu da ta masu bincike.

Da a tsotso da danƙo abin ya tsaya, da da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce cutar da suke ɗauka a baki, kamar yadda sauro ke ɗaukar zazzaɓi daga wannan ya kai wa wancan. Dattawan da ke nan sun tuna 1975. A shekarar ce kuturtar gyaɗa ta share kusan hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya. Shuka ta tsuke wuri ɗaya, ganye ya ƙanƙance ya yi ɗorawa-ɗorawa, ka tuge ka tarar babu ko kwanso. Baƙar kwarkwatar nan ta wake da gyaɗa ita ta yi ta yawo da cutar daga tushe zuwa tushe. Abin kuma ya zo a kan gaɓa mara kyau, mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Manoma da dama suka saki gyaɗa suka koma wake da hatsi, dalar gyaɗar Kano ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama labarin da ake ba yara. Ban ce cutar kaɗai ta rushe dala ba. Akwai fari, akwai kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma, akwai ƙaramin farashin da hukumar sayen amfanin gona ke ba manomi. Amma wannan ƙwaro da bai wuce ƙwayar gero ba yana da nasa kason a ciki, kuma ba ƙarami ba ne.

Abin da masu bincike suka tabbatar game da kuturtar gyaɗa yana da amfani ƙwarai a gare mu. Cutar ba ta bin iri. Ana ɗaukar ta ne daga shuka mai rai, shi ya sa gyauron gyaɗa da ke tsirowa a fadama ko wuri mai laima da rani yake zama mata masauki har damina ta kewayo. Sun kuma ga cewa gyaɗar da aka shuka da wuri, aka matse ta, ta fi tsira daga wadda aka makara, aka kuma yi mata tazara. Dalili kuwa, masu fukafukan nan in suna shawagi sun fi sauka inda suka hangi kore tsilli-tsilli a kan ƙasa tsirara. In ganye ya haɗe ya rufe kunya, da yawa sai su wuce. A nan ne maganar ta taɓa mu kai tsaye. Da yawanmu kasuwa ce sana'ar fari, noma na biyu. Ruwan shuka zai sauka, masu masaukinmu Ngamawa su gama tasu, mu muna Potiskum muna ciniki. Sai an kwana goma sha mu komo, mu kuma yi rowar iri don ya kai ƙarshen gona. Gyaɗarmu tana jaririya daidai lokacin da ƙwarin suka yi yawa a gonakin da ke kewaye, sa'an nan mu ce gonar da aka ba mu ce ba ta da kyau. Wanda ya san ba zai samu sukuni ba, gara ya sallami wanda zai shuka masa a kan kari. Akwai kuma irin da ke jure cutar, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, kamar SAMNUT 23, da SAMNUT 24 wadda aka fitar a 2011, mai saurin nuna, ta dace da gajeriyar damina irin tamu. Masu wake kuma su lura, SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 tsutsar kwanso aka yi shi ya jure. Kwarkwata tana kama shi kamar kowane wake.

Farin ƙuda ma haka yake, shi ke kawo nannaɗewar ganyen tumatir da kuɓewa, da cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare. Shukar da ta riga ta kamu babu feshin da zai warkar da ita. A tuge ta a binne tun tana ɗaya ko biyu.

Yanzu bari in zo inda na fi so mu fahimci juna, watau batun feshi. Ɗabi'armu ita ce, da an ga ganye na ƙyalli sai a aika yaro kasuwa ya sayo "mai ƙarfi", a cika famfo a bi gona kaf. Kwana uku ka ga gona ta yi tsit, ka ce magani ya ci. Bayan mako biyu ko uku abin ya komo fiye da da, ka ce jabu aka sayar maka. Wani lokaci jabun ne, ba na musu. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, sojojinka ka kashe da hannunka.

Duk inda kwarkwatar ganye ta taru, akwai masu cin ta. Akwai ɗan ƙwaron nan ja ko ruwan ɗorawa mai ɗigon baƙi, kamar an kife rabin ƙwayar wake. Shi da 'ya'yansa ita ce babban abincinsu, kowannensu yana cinye gommai a yini. 'Ya'yan ba su kama da uwar ko kaɗan, dogaye ne baƙaƙe kamar ɗan mitsitsin kada, shi ya sa mutane ke murƙushe su suna zaton su ne masu ɓarnar. Akwai wata 'yar tsutsa mai laushi da ke rarrafe cikin garken tana tsotse su ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma wadda ta fi ba ni mamaki. Kun san zanzaro, yadda yake ɗauko tsutsa ya cusa a ɗakinsa na laka, ya yi mata ƙwai, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya cinye ta? To, akwai ƙanwarsa wadda ba ta kai sauro girma ba. Ita a cikin jikin kwarkwatar take saka ƙwanta. Ɗan ya cinye ta daga ciki, ta kumbura ta bushe, shi kuma ya huda ƙofa ya fita. In ka juya ganye ka ga busassun gawarwaki kumburarru, wasu da 'yar huda zagayayyiya a baya, ka dakata da famfo, yaƙin ya riga ya juya. Guba mai kashe kowa da kowa tana share waɗannan duka. Su kuwa haihuwarsu ba ta kai ta kwarkwata sauri ba, saboda haka 'yan kaɗan da suka tsira a lungun ganye sai su sami gona babu mai tsaro.

Kada ku ɗauka zancen littafi ne. A 1973 aka fara ganin wani mai farin gashi a jikin rogo a ƙasar Kwango, ya taho daga Kudancin Amurka. Cikin 'yan shekaru ya ratsa Afirka har Nijeriya, rogo ya yi ta mutuwa. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Herren, da abokan aikinsa a cibiyar IITA ta Ibadan, suka nemo irin 'yar zanzaron da ke cin sa a can mahaifarsa, ƙasar Faraguwai. Aka fara sakin ta kusa da Ibadan a 1981, daga baya har da jirgin sama aka riƙa watsa ta. Ita ta kwantar da annobar a ƙasashe fiye da 20, ba tare da manomi ya sayi kwalba ko ɗaya ba, shi kuma aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan samar da abinci a 1995. Haka aka sake yi da wani ɗan'uwansa da ya baƙanta mangwaro a Togo da Gana da Benin da kudancin ƙasar nan a shekarun 1980, aka kawo masa nasa maƙiyin daga Indiya.

Ɗaya gefen kuma yana Sudan, a gonakin audugar Jazira, inda dubban Hausawa 'yan'uwanmu suka zauna suka yi ƙwadago tun zamanin tafiya gabas a ƙasa. Can farin ƙuda ba wani babban abu ba ne da fari. Aka yi ta ƙara feshi saboda tsutsa, daga sau ɗaya a shekara har ya kai sau takwas ko tara a ƙarshen shekarun 1970. Masu cin farin ƙuda suka ƙare, shi kuma ya saba da gubar. Darɓarsa ta riƙa zuba a kan buɗaɗɗiyar auduga tana danƙe injunan saƙa, masu saye a Turai suka karya mata farashi. Da jirgin sama ake musu feshi, kuɗin ba irin namu ba ne, amma ga inda aka kwana.

Kiyashi da tururuwa kuma, waɗanda kuke gani suna hawa da sauka, makiyaya ne. Darɓar suke sha, su kuma biya da gadi. Suna korar duk mai zuwa cin garkensu, wani lokaci har ɗaukar 'ya'yan suke su kai sabon reshe, kamar Bafillace ya sake mashaya. A itacen gida, in ka tare musu hanya ka yi rabin aiki. A sare rassan da ke taɓa katanga ko ƙasa. A naɗa leda mai faɗin tafin hannu a gindin, a ɗaure, a shafa giris a kan ledar. A kan ledar na ce, domin giris ko baƙin mai in ya taɓa ɓawo kai tsaye yana ƙona shi, musamman ƙaramin itace. A riƙa sabuntawa in ƙura ta rufe, a kuma kwance a sake wuri bayan 'yan watanni don kada ɗaurin ya shaƙe itacen.

Ga iyaye mata masu lemo ɗaya, gwaba ɗaya, da 'yar kuɓewa a bayan ɗaki, ba kwa bukatar kwalba sam. In abin a reshe ɗaya ko biyu ne, a yanke a binne. In ya wuce haka, ruwa da sabulun salo sun isa: kamar giram 100 a narke cikin lita 10 na ruwa, a wanke bayan ganye da shi sosai. Sabulu sai ya taɓa jikin ƙwaron yake kashe shi, in ya bushe aikinsa ya ƙare, saboda haka yayyafi daga sama ɓarnar ruwa ce. A yi da yamma in rana ta yi sanyi, a fara gwadawa a 'yan ganyaye a kwana biyu a gani. Garin wanki irin su omo a bar shi ga tufafi, yana ƙona ganye. Masu lafewar nan kamar ƙurji, tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu suna fitar da su daga ƙaramin itace. Baƙin da ke kan ganye kuwa kada ya tayar muku da hankali, in masu tsotson sun ƙare da kansa zai ɓamɓare. Mangwaron da ya yi baƙi a baya, a wanke shi a sha, lafiyarsa lau. Babban itacen da ya cunkushe a rage masa rassan ciki iska ta ratsa.

A gona kuma, maganin yana nan inda muke zaune a inuwarsa. Maina, wadda wasu cikinmu suka taso suna ce mata darbejiya, wasu dogon yaro, wasu bedi, ita ma baƙuwa ce kamarmu. Daga Indiya asalinta, an kawo ta lardin Borno a 1928, ga shi yanzu ta zama 'yar gari. Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ganye yana aiki amma bai kai shi ba. A sa yara su tsinto ƙwallayen da tsuntsu da jemage suka zubar, a wanke, a shanya a inuwa, wanda ya yi fumfuna a zubar. A daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, da safe a tace da kyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a jefa ɗan gutsuren sabulu kamar kan babban yatsa. Wanda ba shi da sikeli ya je shago a auna masa sau ɗaya, ya yi alama a jikin gwangwani, shi ke nan. A ware turmi dabam, in ba so kuke a yi wata guda ana cin tuwo mai ɗaci ba, a kuma ɗauke ruwan daga inda ƙananan yara ke kaiwa. A fesa a ranar da aka tace, da yamma, bakin famfo yana kallon sama daga ƙarƙashin ganye. Kada ku jira ku ga gawa ta zube nan take. Ruwan maina yana hana su ci ne, ya hana 'ya'yan girma, sai an kwana uku ko huɗu ake ganin bambanci. Rana tana karya ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka a maimaita bayan mako guda, sau biyu ko uku. Ya kuma fi gubar kanti sauƙi nesa ba kusa ba a kan sojojin nan namu.

Taki ma yana da hannu. Yuriya in ta yi yawa tana sa shuka ta yi ta fitar da tofo mai laushi, shi ne kuwa abin da masu tsotso ke so. Wake da gyaɗa ba su bukatar ta da yawa tun asali.

Ban ce kada a taɓa sayen magani ba. Akwai shekarar da wake yana ƙarami, ruwa ya ɗauke, ka juya ganye ka ga tushe bayan tushe ya cika, babu alamar masu cin su. A nan jira hasara ce. Amma a kira malamin gona ya gani da idonsa, a je da ganye a leda in shi bai samu zuwa ba. Sau da yawa abin daga gefen gona yake farawa, tabo-tabo, to a fesa wurin kaɗai. Irin da aka rubuta cypermethrin a jikin kwalba, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana cikin masu share mai amfani da mara amfani. Wanda aka rubuta imidacloprid yana cin masu tsotso sosai, amma mugu ne ga ƙudan zuma, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da shi a fili a 2018, saboda haka kada a kusanci shuka da shi tana fure. Fiya-fiya kuwa ba ta da hurumi a kan abin da za a ci. Ita ce aka samu a jikin wakenmu har Turai ta rufe masa ƙofa a 2015, mu da ke harkar wake mun san abin da hakan ya jawo wa sunan kayanmu.

Mu kuma tuna gonakinmu iyaka da iyaka suke da na mutanen gari, wasu ma aro ne ko haya. In ka yi feshi cikin iska, ya faɗa wa yakuwar matar maƙwabci ko amyar wani, an taɓa zaman lafiyar da iyayenmu suka daɗe suna ginawa a garin nan. A sanar da maƙwabci kafin a fesa. In ka ga kwarkwata ta fara a gonarka ka faɗa masa ya duba tasa, haka nan batun tuge gyauro, mutum ɗaya in ya yi shi kaɗai bai yi komai ba. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, wanda bai iya karantawa ba ya ba ɗansa ɗan makaranta. Kwanakin nan sun shafi ganyen waken da ake tsinka don miya, sun kuma shafi harawar da za mu ɗaure mu kai wa masu kiwon raguna a Potiskum.

Shugaba, a nan zan tsaya. Na zo da ganyen lemo da na gwaba a cikin wannan leda, da gilashin ƙara girma guda ɗaya. A miƙa daga layin dattawa ya zaga, mai tambaya kuma bismillah.